Katin Keturah da Injiniyan da Ya Fi Ƙarfin Shawara

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a Jimeta, sunansa Mu'tasim, amma in ka kira shi da sunan nan haka kawai ba zai waiwayo ba sai ka ce Injiniya. Babu wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Shagonsa yana jerin masu sayar da waya, yana da teburin gilashi da kujera mai juyawa, da wani tabarau da yake sawa ba don idonsa na ciwo ba.

Ya iya aiki daidai gwargwado, ba zan yi masa ƙarya ba. Ciwonsa ɗaya ne: a ganinsa duk wanda ya yi masa tambaya jahili ne, duk wanda ya ba shi shawara kuma mahassadi ne. Kun san irinsu, ko a unguwarku ba za a rasa ɗaya ba.

Wata rana wata budurwa mai suna Keturah ta shigo masa da laftof. Zanen gini ta karanta, ta gama shekara biyu ke nan ba ta samu aiki ba. Sai ga ƙungiyar manoman shinkafa ta Njuwa za su gina ɗakin taro da rumbun ajiya, suka ce ta zana ta kawo su gani. Ba ita kaɗai ba ce, akwai wani mai zanen da shi ma aka gayyata. Shugabannin sun sa ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, kowa ya nuna nasa a kwamfuta yadda za su ga ginin ɗaki-ɗaki kamar suna tafiya a ciki. Wanda nasa ya yi, shi za a ba aikin.

Zanen ya kammala. Matsalar ita ce duk lokacin da ta buɗe shi gaba ɗaya, laftof ɗin sai ya yi minti biyar yana huci, ya mutu.

Mu'tasim ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Ya ɗaga laftof ɗin da yatsu biyu, ya taɓe baki.

"Madam, wannan ai kakan kwamfutoci ne. Katin da ke fitar masa da hoto a allo ya gaji, ba zai ɗauki zanenki ba. Sa'arki ɗaya, irin wanda ake cire masa kati ne. Nemo babba in sa miki."

Keturah ta ce, "Injiniya, ba za ka buɗe ka duba ciki ba tukuna? Yana zafi sosai fa, har cinya na ba ya iya ɗauka."

"Ke ce mai gyaran ko ni?"

Keturah ta haƙura. Ta kira yayanta Silas da ke aiki a Legas. Bawan Allah ya bar aikinsa ya yi kwana biyu yana yawo a kasuwar kayan kwamfuta har ya samo katin, ya tsaya aka gwada a gabansa, ya naɗe a cikin tsohuwar rigarsa ya ba direban mota. Katin bai iso Jimeta ba sai ranar Talata, saura kwana biyu taron.

Mu'tasim ya kwance laftof ɗin, ya zare batir ya ajiye gefe, ya ɓamɓaro tsohon katin ya wurga a kwalin shara da ke ƙarƙashin tebur. Ya sa sabon, ya jona waya a bango ya kunna. Hoto ya fito, amma rubutu manya-manya, zanen kuma yana tafiya da ƙyar. Akwai wata manhaja da ke haɗa kwamfuta da katin su fahimci juna, masu sana'ar suna ce mata direba. To ita ce ta ƙi zama. Ya sa ta sau uku, sau uku tana cewa ba ta san wannan katin ba.

Mai hankali a nan zai tsaya ya bincika. Injiniya kuwa ya naɗe hannun riga ya ce filashin zai yi. Ga wanda bai sani ba, kowane kati yana da ɗan rubutun da kamfani ya zuba masa a ciki, shi ne hankalinsa. Filashin shi ne a goge wannan rubutu a zuba wani. Aikin minti biyu ne, amma in ya katse a tsakiya, katin ya zama ba na da ba, ba na yanzu ba.

Daidai lokacin wani dattijo ya tsaya a bakin shagon. Baba Zadok ne, da ya zo sayen dalma a shagon maƙwabta. Ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin kafin ya koma kwamfuta, yana aiki a barandar gidansa a Demsawo. Mu'tasim ba ya kiransa da komai sai Baba Rediyo.

Dattijon ya leƙa allon, ya ce, "Ɗana, sannu da aiki. Ka ajiye kwafin na ciki kafin ka goge?"

Mu'tasim bai ɗago ba.

"Kuma ga batir a gefe. Ka mayar da shi tukuna, wutan garin nan ba ya sallama kafin ya tafi."

Sai a nan Injiniya ya juya da kujerarsa, ya cire tabarau a hankali don kowa ya gani.

"Baba Rediyo, wannan ba akwatin neman tasha ba ne. Kwafi na matsorata ne. Na yi filashin ya fi ɗari, ban taɓa ajiye kwafi ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana. In ka sayi dalmarka ka kama hanya, kar rana ta yi maka."

Masu sayar da waya biyu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa mai shago don ya ji daɗi. Baba Zadok ya dubi Keturah, ya sa dalmarsa a aljihu ya tafi.

Keturah ta ce a hankali, "Injiniya, ko ka sa batir ɗin? Ba zai ci lokaci ba."

"Madam, in kin fi yarda da shi, ga hanya nan."

Ya danna. Wani koren layi ya fara tafiya a allo. Ya kai rabi, ya ɗan wuce, sai fankar sama ta fara rage gudu. An ɗauke wuta. Allon ya yi baƙi.

Aka tayar da janareta. Ya kunna, fitilar laftof ta kama, fanka na juyawa, allo babu komai. Ya kashe ya kunna. Ya mayar da batirin, yanzu da ba shi da amfani. Ya cire katin ya hura masa iska ya mayar. Gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Kuna zaton ya ce ya yi kuskure? Ai girman kai bai san wannan hanyar ba. Borin kunya ya hau. Ya tura mata laftof ɗin a kan gilashi.

"Katin nan jabu ne. Tun daga Legas a mace ya zo. Yayanki ko dai an cuce shi, ko shi ya cuce ki."

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne Keturah ta yarda. Hankalinta ya tashi, ta fita waje ta kira Silas tana kuka, ta ce ya kashe mata aiki, ta ce da ya san ba zai tsaya ya duba ba da bai karɓa ba. Silas ya ce, "Keturah, a gabana aka gwada," ta kashe wayar. Kafin ta bar shagon ta sunkuya ta ciro tsohon katinta daga kwalin shara, don ko ba komai nata ne. Mu'tasim ya ce ta kai wa masu gwangwan.

Washegari Laraba da sassafe ta hau keke zuwa Demsawo, ta yi tambayar gidan Baba Zadok. Tana jin nauyin dattijon, don a gabanta aka wulaƙanta shi ba ta ce uffan ba. Ta same shi a baranda, da tsohon tebur, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi.

"Baba, ka yi haƙuri. Na zo ne."

"Zauna, 'yata. Wuta ya tafi ko?"

Ya ciro sabon katin, ya maƙala masa wani ɗan matsi mai waya a kan ƙwayar da rubutun ke ciki, ya jona da tasa kwamfutar. Ya jima yana kallo, sannan ya juyo mata da allon. Lambobi ne jere har tsakiya, daga nan zuwa ƙasa fili.

"Kin gani? Rabi ya shiga, rabi bai shiga ba. Katin nan lafiyarsa ƙalau ya zo. Jiya aka kashe shi."

Keturah ta dafe baki. Ba katin take tunani ba, Silas take tunani.

"Zai gyaru, Baba?"

"Da ya ajiye kwafi, minti goma ne, in mayar masa da nasa ya tashi. Yanzu sai an nemo irin nasa sak, kuma katin tsohon yayi ne, ba lallai a samu ba. Ba zan yi miki alkawarin gobe ba. Ina tsohon?"

Ta ciro shi daga jaka. Ya juya shi, ya duba, ya ajiye. Sannan ya yi abin da Injiniya bai yi ba tun ranar farko, ya kwance fankar laftof ɗin. A bayanta, inda iska ke fita, ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun yi kauri kamar gammo. Ya zaro da ɗan tsinke ya ɗora mata a tafin hannu. Man da ake shafawa tsakanin kati da ƙarfen da ke janye zafi kuwa ya bushe ya zama gari.

Ya share da buroshi, ya shafa sabon mai, ya mayar da tsohon katin. Ya cire duk direbobin da aka jibga jiya, ya sa wanda ya dace da shi. Ya ce ta buɗe zanenta.

Ta buɗe. Minti biyar ya wuce, goma ya wuce. Ta shiga ɗakin taron, ta fita, ta zagaya rumbun, ta hau rufi. Baba Zadok ya ce ta bar shi a kunne, matarsa ta kawo musu kunun gyaɗa. Awa ɗaya da rabi laftof ɗin bai ko yi tari ba.

"Katinki bai taɓa gajiya ba," in ji shi. "Numfashi ya rasa. Nan Yola ne, mutum ma in ka toshe masa hanci a watan huɗu faɗuwa zai yi."

Tun a barandar ta kira Silas. Ya ɗauka. Ta ce, "Broda, na yi maka laifi," sauran maganar kuka ya cinye.

Ranar Alhamis ƙarfe goma ta nuna zanenta. Manoman suka sa ta zagaya da su cikin rumbun har sau uku, ɗaya ya ce a faɗaɗa ƙofa don babbar mota, ta gyara a gabansu. Kafin azahar suka ba ta aikin.

Daga can ba ta wuce gida ba. Ta tsaya a shagon Mu'tasim. Yana kan kujerarsa mai juyawa yana yi wa wani dattijo bayani, Bappa Bobboyi, tsohon malamin makaranta da ya kawo laftof ɗin da yake rubuta tarihin zuriyarsu a ciki. Shi ma an gaya masa filashin za a yi.

Mu'tasim ya gan ta ya yi murmushi. "Madam, yaya? Kin mayar wa yayanki jabun kayansa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mataccen katin a kan gilashin, a gefensa ta ajiye dunƙulen ƙurar da ta ƙulle a leda.

"Wannan shi ne ciwon laftof ɗina, ba ka buɗe ka gani ba. Wannan kuma katin da Broda Silas ya aiko, da ransa ya zo, kai ka kashe shi. An ce ka ajiye kwafi ka ƙi, an ce ka sa batir ka ƙi. Sannan ka sa na zagi yayana. Aikin na samu, da tsohon katin da ka jefa a shara."

Mu'tasim ya buɗe baki ya ce ai wuta ce, ai kowa ya ga an ɗauke wuta. Ya waiwaya wajen masu sayar da waya ko za su tayar masa, kowannensu ya sami abin gogewa a shagonsa.

Bappa Bobboyi ya dubi katin, ya dubi ledar. Ya miƙa hannu ya rufe laftof ɗinsa, ya zare wayarsa daga bango ya naɗe a hankali, ya sa a jaka.

"Bappa, ina za ka? Ai ban fara ba."

"Shi ya sa," in ji dattijon. Ya juya wajen Keturah. "'Yata, a Demsawo ta wane layi ake shiga?"

Darasi: Wanda ya fi ƙarfin tambaya kuma ya raina shawara, kayan mutane yake kashewa, sannan ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Kafin ka goge abu ka ajiye kwafinsa, kafin ka yanke hukunci ka buɗe ka duba, kafin ka zargi ɗan'uwanka ka tabbatar. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, musamman wanda yake ganin ba shi ake nufi ba.