Bangon da Maliki Ya Zana a Argungu

Ƙawata Zainabu, matso kusa. Yau da ke nake, sauran mabiya shafin nan su saurara daga gefe.

Akwai wani mai zane a Gwadangaji, mu kira shi Maliki. Allah Ya ba shi hannu. Tun yana saurayi mahaifiyarsa, Inna Adama, ta sa shi alkawari: ya zana gona, ya zana gulbi, amma ban da mai rai. Ya amsa.

Shekaru yana ta zana shinkafa da kwalekwale, hannunsa kuwa na ƙaiƙayin fuskoki. Yakan ce wa matarsa, "In na dubi mutum, zanensa ya riga ya ƙare a kaina. Buroshin ne bai da izini."

Ana nan sai Nelson, manajan wani otal a Argungu, ya ba shi bangon gaba gaba ɗaya. Aikin da zai fitar da shi daga rubutun allon shaguna ke nan. Don murna ya karɓa bai tambayi abin da za a zana ba. Sai da aka kafa tsani Nelson ya ce, "Bikin kamun kifi nake so, Malam Maliki. Masunta cike da gulbi, kafin baƙi su iso."

Ya koma gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, wanga karon kaɗai."

"Ɗiyana, ni ban ɗaure ma hannu ba. Bakinka ya faɗi. In kana iya haɗiye shi, haɗiye."

Ya koma Argungu. Kullum ya dama fenti, ya hau tsani, ya sauko. Bango fari fat. Ajiye aikin zubar da suna ne, yin sa saɓa wa uwa. 'Yan acaɓa har suka fara tsokana: "Mai zane, madara kake zanawa?"

Ranar da abin ya ishe shi, ya gangara bakin gulbi. Wani masunci ya nutse yana lalube. Mutum ya ɓace, gorarsa na yawo a saman ruwa, bakin ragarsa ya leƙo, ruwa na tafasa. Maliki ya daɗe yana kallo. Ya tashi da gudu, ya rufe bangon da buhuna, ya kama aiki.

Da aka yaye buhunan da suka rufe bangon, Nelson ya ɓata rai. Goruna ne birjik, raga ta ko'ina, ruwa a hargitse.

"Ina mutanen, Malam?"

"Sun nutse, ranka ya daɗe. Kifi suke nema."

Nelson ya buɗe baki zai yi faɗa, sai wani tsohon masunci, Tamba, ya ture shi. "Kai, ga ni can! Ga gorata mai jan tsumma!"

"Ƙarya kake, Baba, tawa ce! Kai yaushe rabonka da nutso?"

Nan take wuri ya cika, kowa na nuna inda ya nutse. Nelson ya dube su, ya dubi bangon, ya ce a hankali, "Akwai wani bangon a baya."

Darasi: In alkawari ya rufe maka ƙofa, kada ka ɓalle ta. Yi haƙuri, Allah na buɗe wadda ba ka zata ba. Ku tura wa 'yan uwa su amfana. Ke kuwa Zainabu, kin gane ko wane ne, don Allah kar ki faɗa wa kowa.