Telan da Ya Zo Ofishin Haraji da Kansa

Akwai wani ma'aikacin haraji, Dogo ake ce masa, malalaci ne na ƙin ƙarawa. Gwamnati ta kawo sabon tsari: a bi kasuwa shago-shago, a ga mai shago ido da ido, a ɗauki hoton yatsansa da na'ura.

Dogo ya ce shi ba zai gasu a rana ba. Ya kwafe sunayen tsohuwar rajista, ya riƙa dangwala nasa yatsun. Babban yatsansa ya faɗa kan sunan wani tela da ya shekara uku da rasuwa.

Takardar haraji ta iske matar telan, wadda ke ciyar da marayu huɗu da keken ɗinkin da ya bari. In ba a biya ba ranar Litinin, za a ɗauke keken.

Ta zo wurin Dogo tana kuka. "Ranka ya daɗe, maigidana fa ya rasu."

Ko kallonta bai yi ba. "Baiwar Allah, na'ura ta ce yana raye. Ya zo ya faɗa da bakinsa."

Wallahi rashin imanin nan ya ƙona min rai.

Washegari da tsakar rana, ofis cike da mutane, fanka ta tsaya cak. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Wani siririn mutum ya tsaya gaban teburin Dogo, awon tela rataye a wuyansa, jar ƙasa a ƙafafunsa.

"An ce in zo da kaina," in ji shi a hankali. "Ga ni."

Dogo ya waiwayi abokan aikinsa, kowa na harkarsa, ba wanda ya ɗago. Ya buɗe sunan telan, ya danna "ya rasu". Kafin ya ɗaga kai, babu kowa, sai ƙasa a kan tayil.

Keke ya tsira, matar ta ci gaba da ɗinkinta.

Amma na'ura yatsa ta sani, kuma yatsan da ke kan sunan telan na Dogo ne. Da safe ƙofar ofis ta ƙi buɗe masa. Banki ya rufe asusunsa. Ya bi ofisoshi yana rantsuwa yana raye, ana ce masa ya dawo gobe.

Ranar Alhamis aka miƙa wa matarsa takardar ta'aziyya, yana zaune kusa da ita, loma a hannunsa.

Darasi: Haraji amanar jama'a ce, kuma bayan kowane suna a rajista akwai gida da bakunan ci. Wanda ya yi ha'inci a aikin da aka damƙa masa, kansa yake cuta. Ku tura wa duk mai riƙe da biro ko na'ura a ofis.