Ƙafafun Iya Hansai

Gwaggo ce ta ba mu labarin nan muna tsintar wake, kuma har yau gardamar ba ta mutu a gidanmu ba.

Wai akwai wata mata, Iya Hansai, da dakau ta raini 'ya'yanta uku. Da Allah ya buɗa musu, sai suka ce wahala ta ƙare. Ko buta ba a barinta ta ɗauka, unguwa kuwa sai a mota. Gari na ta sa musu albarka, Iya na ta ƙiba, har ranar da likita ya ce suganta ya hau, saura ƙiris ya zama ciwo. Ciwon nan kuwa shi ya sa aka yanke wa yayarta ƙafa.

Autar, Barira, tana karatun jinya. Ita ta gano cewa masu bincike sun taɓa tara mutane irin Iya, suka sa wasu tafiyar ƙasa da rage ci, sai ga shi da yawansu ciwon bai kama su ba. Ta ce, "Iya, ashe naman ƙafa in yana aiki shi ke zuƙe sugan daga jini. Hutun nan namu ne ke cutar ki." Ba don ita ba, da babu wanda ya san hanyar.

Iya ta ce, "Da girmana in riƙa zaga gari kamar wadda akuyarta ta ɓata? Ku ƙyale ni."

Talatu, ta tsakiya, ba ta ko ambaci motsa jiki ba. Kullum da safe sai ta zo da mayafi. Yau wance ta haihu a Maƙera, gobe wane ba lafiya a bayan kasuwa. "Tashi mu je, Iya, ke kika ce mana zumunta a ƙafa take." Ba don ita ba, da Iya ba ta taka ko zaure ba.

Babban, Mudi, shi ne mai motar. Sai ya ga mahaifiyarsa a hanya tana gumi, ya wuce, don in ya tsaya za ta shiga. Aka ce ya yi arziki ya wulaƙanta uwarsa, majalisarsu ma ta daina amsa sallamarsa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma Iya ta ce kada kowa ya ji lalurarta, sai ya haɗiye. Ba don shi ba, da tafiyar ba ta ɗore ba.

Bayan damina likita ya auna, ya sake aunawa, ya ga sugan ya sauka. Ya ce, "Ikon Allah. Iya, me kika sha?"

Ta ce, "Zuwa barka da dubiya."

Ranar sunan jikarta ta karɓe taɓarya, ta cilla sama, ta tafa, ta cafe.

Taɓaryar nan ta gado ce, kuma Iya ta ce mutum ɗaya za ta bar wa. To, tsakanin Barira da Talatu da Mudi, wa ya kamata ta miƙa wa?