Habila Ƙafar Agwagwa a Ƙofar Sito

Akwai wani manomi, Habila, wanda ya kai irin dawarsa ajiya a babban siton garinsu. Ƙa'idar wurin ita ce, kowane suna an haɗa shi da lambar ɗaki. Ka faɗi sunanka a bakin ƙofa, mai gadi ya ba ka mabuɗin lambarka. Wanda ba a san sunansa ba kuwa, sai a nuna masa bencin baƙi, a ba shi ruwa a moɗa. Da yake masu suna Habila sun yi yawa, shi an san ɗakinsa da Habila Ƙafar Agwagwa, saboda irin tafiyarsa.

Bayan girbi ya tafi birni cin rani. Ya dawo da kwat da tabarau, ya ce daga yau Injiniya H. B. ne shi, alhali fanfo ɗaya ya taya wani gyarawa.

Da ruwan shuka ya sauka, ya je ɗaukar irinsa, ya tarar an sa sabon mai gadi, wani dattijo da bai san fuskar kowa ba.

"Sannu da aiki, Baba. Injiniya H. B. ne."

"Maraba, ranka ya daɗe. Ba mu da wannan suna. Ga benci."

Habila ya zauna yana cika yana batsewa. Maƙwabta na ta wucewa da buhuna a ka, rana kuma na shanye danshin gonarsa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya koma ya ce, "To, Malam Habila."

"Wanne a ciki, ɗana? Dogo ne, ko Mai Jaki?"

Sai Habila ya sunkuya ya raɗa masa.

"Kunnena ya yi nauyi. Ɗaga murya."

Habila ya dubi layin mutane, ya dubi rana, ya rufe ido ya kwarara: "Ƙafar Agwagwa!"

Layi ya kece da dariya. Dattijo ya miƙa masa mabuɗi, Habila ya ɗauki irinsa, ya kai gona da sauran danshi a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, siton nan alherin Allah ne. Ku matasa masu aiki da kwamfuta kun sani, babbar na'urar da ake ajiyar takardu a cikinta ba ta duba fuska. Sunan da ka shiga da shi take haɗawa da lambarka, in ba ta san shi ba ta ɗauke ka baƙo. Mu ma mukan zo addu'a da sunayen da muka ɗinka wa kanmu, Dattijon Ikilisiya, Shugabar Zumunta. Amma Ubangiji ya ajiye jinƙansa ne domin mai zunubi da ya yarda shi mai zunubi ne. Faɗin haka akwai kunya, na sani, 'yan'uwa. Amma wanda ya ƙi faɗa, damina za ta wuce shi bai shuka komai ba.