Ambulan Ɗin Baba Ellis

Akwai wani mutum a garin Erie mai suna Rodney Tuttle, gyaran firji ne sana'arsa. Ya iya aiki, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ka zauna da shi minti goma, sai ya gaya maka da gwiwarsa ba ta goce a wasan ƙwallo a sakandare ba, da yanzu hotonsa na manne a ɗakin kowane yaro. Ga tsokana. Shi ne ya taɓa cika mazubin sukari da gishiri ranar da fasto ya zo karyawa.

Kullum da safe yana shagon Anti Lorraine, inda ake shan kofi da soyayyen ƙwai da dankali. Su goma sha ɗaya ne 'yan teburin baya, kuma ƙungiya ɗaya suke bi a ƙwallon Amurka, ta ci ko a ci ta.

Suna da wata al'ada. Kafin a fara kakar wasa, Anti Lorraine za ta raba wa kowa takarda mai jerin wasanni goma sha bakwai da ƙungiyar za ta buga. Gaban kowane wasa an rubuta "nasara" da "faɗuwa", kai dai ka zagaye ɗaya da biro. Ba a rubuta suna a takardar. Ka ninke, ka sa a ambulan, ka liƙe, ka sa hannu a kan liƙin. Sai a zuba su duka a wani tsohon gwangwani, a ɗora a saman firji har Janairu.

Wanda hasashensa ya fi dacewa, shi ne Bokan Shekara, jar kujerar bakin taga tasa ce har baɗi. Wanda ya zo kurar baya kuwa, zai sa rigar ƙungiyar abokan gaba mako guda yana wanke-wanke.

Baba Ellis Pruitt ya zauna a jar kujerar nan sau shida. Tsohon direban bas ne, shekara talatin da huɗu yana tuƙi ko madubi bai taɓa fasawa ba. Ba ya ihu gaban talabijin. Shi dai ya kalli wasa ya ce, "Yaron nan mai jifan ƙwallo yana da hannu, amma ƙattin da ke tsare shi sun tsufa." Shi ke nan.

Rodney kuwa sau biyu yana wanke-wanke.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar ta sayo sabon mai jifa, masu sharhi suka yi ta kuranta shi. Rodney ya zagaye nasara goma sha huɗu. Sai dai a wannan karon ya yi wayo, bai faɗa wa kowa ba, ya ce kawai, "Ku jira Janairu, za ku san waye ubangidanku."

Aka fara wasa. Aka ci su, aka sake cin su. Kafin Disamba, wasa goma sha uku, huɗu kawai suka ci. Rodney ya fara jin ƙamshin sabulun wanke-wanke tun daga nesa.

Ana cikin haka firjin Anti Lorraine ya lalace. Ta bar masa makulli bayan ta rufe shago da ƙarfe biyu na rana, ta tafi ganin likitan haƙori. Rodney ya sauke gwangwanin don ya ja firjin. Ya dubi gwangwani, ya dubi ƙofa.

Ya ɗora ruwan zafi, ya kara ambulan ɗin Baba Ellis a tururi har liƙin ya saki. Nasara biyar tsohon ya zagaye. Rodney ya buɗe nasa, ya musanya takardun, ya mayar da liƙin a hankali har sa hannun ya haɗu daidai. Sannan ya gyara firji yana fito.

A ransa wasa ne. Zai hau kujera mako ɗaya ko biyu, a yi dariya, sannan ya faɗi gaskiya.

Kakar wasa ta ƙare da nasara biyar cif.

Ranar Asabar da safe shagon ya cika, dusar ƙanƙara na zuba a waje. Anti Lorraine ta sa tabarau, ta fara farke ambulan ɗaya bayan ɗaya.

"Rodney Tuttle." Ta ƙara matso da takardar. "Biyar. Kuma wasa goma sha biyar cikin goma sha bakwai daidai. Kai, wa ya faɗa maka?"

"Anti, baiwa ce. Ba a koyonta a makaranta, shi ya sa na bar makarantar."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ƙila mafarki ya yi, wani ya ce a duba ko kare ne ya zagaye masa.

Ambulan na ƙarshe na Baba Ellis ne. Ta buɗe, ta ɗago kai.

"Baba, goma sha huɗu?"

"Wannan ba tawa ba ce," in ji shi.

Ta juya ambulan ɗin ta nuna masa. "Wannan sa hannun waye?"

Ya karɓa, ya daɗe yana kallo. "Nawa ne."

"To fa."

"Biyar na zagaye, Lorraine. A teburin can na zauna, da biron ki mai ja. Na tuna."

Rodney yana bisa jar kujera, ƙafa kan ƙafa. "Baba, kowa ma yana tuna biyar yanzu. Ni ma na tuna na auri sarauniyar kyau. Tsufa ne, ba laifi ba ne. Ku miƙo masa rigar."

Shago ya ɗauki shewa. Baba Ellis bai yi gardama ba. Ya sa rigar abokan gaba bisa rigar sanyinsa, ya shiga baya ya wanke faranti tas. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben aljihunsa, ya fito da makullin motarsa ya dube shi, sannan ya fita.

Ya cika makonsa na wanke-wanke. Daga nan ba a sake ganinsa ba.

Rodney ya ce fushi ne, zai huce. Kujerar ta yi masa daɗi, ya ɗage faɗin gaskiya daga Litinin zuwa Litinin. Har ya fara ba mutane shawara kan hasashen baɗi.

Wata Laraba yana cikin surutu, Anti Lorraine ta ajiye masa kofi ta ce, "Boka, ka hango cewa Baba Ellis zai bar garin nan?"

"Ina za shi?"

"Columbus. 'Yarsa Yvette ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Jibi za su sa hannu."

"Mutumin da ke share dusar ƙanƙarar ƙofar gidansa da kansa?"

Ta ja kujera ta zauna, ta rage murya. "Ka manta yadda matarsa Maxine ta tafi? Da ƙananan abubuwa ciwon mantuwar nan ya fara mata. Ta rantse ta kashe murhu alhali yana ci. Ranar da aka binne ta, ya yi wa Yvette alkawari: duk ranar da ya rantse ya yi abu, aka duba aka ga ba haka ba ne, zai miƙa makullin mota da na gida ba musu. Ranar da muka buɗe gwangwanin nan ya kira ta. Har an sayar da motar."

Kofin Rodney ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Ya fita ya zauna a motar aikinsa. Ya tayar, ya kashe. Ya ce a ransa ai shekarun tsohon saba'in da takwas, ko ba yau ba gobe zai tafi gidan nan. Ya ce ai 'yarsa ta fi kowa sanin abin da ya dace. Ya gwada wannan magana a bakinsa sau biyu, ta ƙi zama. Ya tayar da mota.

Yvette ce ta buɗe masa ƙofa, kwalaye jere a bayanta. Yana shiga kicin ya ga 'yan takardu manne ko'ina, da rubutun tsohon. A jikin kabad: "Kofuna." A jikin firji: "Ka sha magani?" A ƙofar baya: "Ka kulle." Sama da murhu, da manyan baƙaƙe: "KA DUBA SAU BIYU."

Baba Ellis na zaune a tebur, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

"Boka da kansa," ya ce. "Zauna. Da na haɗa maka kofi, amma yanzu ba na taɓa wuta in ba ta kusa."

Rodney bai zauna ba. "Baba, biyar ka zagaye. Ni na musanya. Goma sha huɗun tawa ce."

Ya faɗi komai, da firjin, da tururin, da liƙin.

Yvette ta naɗe hannu. "Na gode, Rodney. Na san kana son ka faranta masa. Amma kada ka ƙara rikita shi."

"Na rantse miki gaskiya ce."

"Kai ne fa ka ce min ka taɓa gyara firjin gwamna. Kai ne ka sa rabin unguwa suka fito neman damisar da ta tsere daga gidan namun daji. Yau kuma in bar mahaifina shi kaɗai a gida da murhun gas saboda maganarka?"

Baba Ellis ya ɗaga hannu a hankali. "Bar shi, ɗiyata. Yaron kirki ne, tausayina yake ji."

Wannan kalmar ta fi mari zafi.

Yanzu ga abin da ban gaya muku ba. Ɗan tsokana ba ya iya aiki ba mai kallo. Ranar da ya yi musanyar, Rodney ya jingina wayarsa a kan tebur ya ɗauki kansa, don ya nuna wa mutane daga baya a yi dariya. Ya san abin da ke cikin bidiyon. Duk da haka ya ciro wayar.

Ya ajiye ta gaban tsohon.

Ga Rodney nan a allo yana kara ambulan a tururi. Ga shi yana ɗaga takarda gaban waya yana cewa, "Ku ga kan tsoho, har yanzu da kaifi." Sannan ga shi ya ranƙwafa, yana jan ƙafar hagu yadda Baba Ellis ke yi, yana karkarwa da murya: "Ina na ajiye hasashena? Ina na ajiye haƙorana?" Yana dariya har da riƙe ciki.



"Mayar baya," in ji Baba Ellis. "Inda takardar take. Tsayar."

Ya sa yatsa a allon yana bi a hankali. Jan biro ne. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu." Yatsansa ya tsaya a kan ta ƙarshe. "Biyar."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa, kafaɗunsa na motsi. Yvette ta rungume shi ta baya, ta ɗago ta dubi Rodney da jajayen idanu.

"Kwana goma sha takwas," ta ce. "Kullum sai ya sa na tambaye shi sunayen jikokinsa."

"Baba, ka yafe min. Kujerar taka ce, gobe ma..."

"Riƙe kujerarka." Tsohon ya share ido. "Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar mutane, ban taɓa tsoron titi ba. Kai ka sa na ji tsoron kaina. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Gobe da safe ka nuna musu wannan. Duka. Har da inda kake jan ƙafa."

Washegari Rodney ya tsaya tsakiyar shagon Anti Lorraine ya kunna bidiyon. Tun da yake tsokana, ranar ce ta farko da ya gama ba wanda ya yi dariya.

Ba a sa hannu a Columbus ba. Yvette ta kai mahaifinta wurin likita, aka gwada shi aka ce kansa garau yake. Motar dai ta tafi. Rodney ne ke zuwa ɗaukarsa kowace safiya, tsohon ya zauna a baya, ba ya ce masa komai sai "ka rage gudu."

Ranar da suka kwance kwalaye, Rodney ya bi kicin yana ɓamɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai hannu kan ta saman murhu, sai ya ji an riƙe masa hannu.

"Bar wannan," in ji Baba Ellis.

"Amma likita ya ce lafiyarka ƙalau."

"Na ji abin da ya ce. Bar ta."

Har yau tana nan manne.

Darasi: Ba ka san tsoron da wani ke ɓoyewa a ƙirjinsa ba, don haka kada ka sayi dariyar mutane da hankalin ɗan'uwanka. In hasashenka ya ƙi, ka ce na yi kuskure, ka sa rigar, ka wanke faranti, mako ɗaya ne. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗi gaskiya yau, domin kowace rana da ka ƙara, wani ne ke ɗaukar nauyinta, kuma ba duk abin da ka ɓata haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa wannan abokin naku da komai wasa ne a wurinsa. Kun san shi. In kun duba ba ku gan shi ba, to ku sake karantawa a hankali.