Telan da Ya Ce Ambakir

An yi wani tela a unguwar Kabalaye. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye. Allah ya ba shi hannu a yankan riga. Idan ya yanka wuyan kaftani, sai ya zauna a jikin mutum kamar da shi aka haife shi. Fatake sukan hayo gadar Ngueli da shadda, su wuce shaguna da yawa, sai nasa.

A lokacin masu yanka sun yi ƙaranci a gari. Masu taka keke suna nan birjik, amma waɗanda za su sa almakashi a shadda mai tsada ba tare da tsoro ba tsofaffi ne, kuma suna ta ƙarewa. Sai masu shagunan ɗinki suka kafa ƙungiya, suka yi alkawarin kowa zai ɗauki masu koyo ya nuna musu yanka. Shi suka ba shugabanci. Ya amsa, aka shafa fatiha.

Ya ɗauki masu koyo, maza da mata. A cikinsu akwai Hansatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kuma 'yarsa ta cikinsa, Ikilima. Ya koya musu taka keke da kalmasa da sa maɓalli. Amma idan aka zo yanka, sai ya kwashi alli da almakashi ya shige bayan labule. Tsoronsa kada wani ya iya ya buɗe shago kusa da nasa.

Hansatu takan ce, "Maigida, yaushe za mu ga yanka?"

Sai ya ce, "Ambakir." Wato gobe, da Larabcin gari.

Wata rana Ikilima ta ce, "Baba, jiya ma ambakir ka ce."

Ya yi dariya ya ce, "To kin ga ba na canza magana."

Ya 'yan uwa, wa ya ba shi goben da yake ta rabawa?

Ana nan sai ƙungiya ta aiko Malam Ghali, wani dattijo cikin teloli, ya duba ko koyon yana tafiya. Telan namu ya shimfiɗa rigunan da ya yanka da hannunsa, ya ce aikin Hansatu ne.

Malam Ghali ya ce, "'Yata, ke kika fitar da wannan wuya?"

Hansatu ta dubi maigidanta, ta sunkuyar da kai. Abincin yaranta a shagon nan yake.

Malam Ghali ya ce, "Kunya ce. Madalla, haka 'ya'yan mutunci suke."

Ya koma ya shaida wa ƙungiya cewa an samu masu yanka. Suka yi murna, suka ce buƙata ta biya, aka rufe maganar koyarwa.

Cikin azumi, shaddodin Sallah sun taru a shago, mutumin nan ya faɗi a bayan labulensa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ikilima ta yi ƙarfin hali ta yanka shaddar wani falke, wuya ya fito a karkace, shadda ta lalace. Aka je ƙungiya neman mai yanka, sai suka ce, "Ai kuna da Hansatu." Masu kaya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu. Aka sayar da kekuna, iyalin telan suka koma unguwar Atrone inda haya ta fi sauƙi. Hansatu yanzu wankau take yi a gidajen mutane.

Har yau Ikilima takan shimfiɗa takardar buhun siminti a gabansa, ta riƙe almakashi, ta ce, "Baba, nuna mini, ko da ido ne." Yana so. Wallahi yana so, ana gani a fuskarsa. Yakan ɗaga hannun hagu, allin ya suɓuce. Yakan yi ta kokawa da harshensa, hawaye yana zuba, kuma kalmar da bakin ya fi sabawa da ita ce kawai take fita: "Ambakir."

Ya 'yan uwa, ban san abin da za a yi musu ba. Ilimin yana nan a kansa, babu ƙofar da zai fito. Bai saci kayan kowa ba. Ya ɓoye abin da Allah ya ba shi, ya karya alkawarin da aka shafa wa fatiha, ya sa Hansatu, baiwar Allah, ta yi shiru a kan ƙarya. Duk wanda ya iya wani abu, ko ɗaurin zare ne, ya koyar yau, tun hannu yana motsi.

Allah ya ba shi lafiya, ya yafe masa, ya buɗa wa Hansatu da Ikilima. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da rowar abin da muka sani. Amin.