Sarkin Gudu da Tsibin Takalma

An ce a garin Gangaren Marke an yi wani Sarkin Gudu mai suna Nomau, shi ke horar da samari goma sha biyu don tseren da suke yi da mutanen Tudun Faru kowace kaka. Shekara biyu a jere Tudun Faru na cinye su. Dagaci ya faɗa masa a gaban jama'a, in aka yi ta uku, ya ajiye rawani. Ga shi saura kwana ashirin.

Nomau ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba, sai ya tuna 'yan Tudun Faru ba takalmi suke gudu. Shi ke nan, ya kama ɓarawo. Da la'asar ya sa aka tara takalman samarin a ƙofar gidansa, ya aika a kawo kananzir.

To akwai wata tsohuwar jimina da ya gada wurin ubansa, mai magana ce, ba ta kuma taunawa. Ta miƙo wuya ta saman katanga ta ce, "Ranka ya daɗe, kasuwa aka buɗe?"

Ya ce, "Maƙiya na kama, Gwaggo. Daga yau ba mai gudu da takalmi. Ke da kika fi kowa gudu, wa ya taɓa ganinki da shi?"

Ta ce, "Ni da nawa aka ƙyanƙyashe ni. Tsorona kada abin da ya sami Cindo masaƙi ya sami 'ya'yan mutane."

Ya ce, "Me ya sami Cindo?"

Jimina ta ce: An yi wani masaƙi, Cindo, shekara ashirin yana zaune yana saƙa, har tafin ƙafarsa ya yi laushi kamar kuncin jariri. Ran nan ya ga wani maharbi ya bi barewa ba takalmi, ko motsin takunsa ba a ji. Cindo ya ce, "Ashe takalmi ne ya cuce ni!" Ya wurga nasa kan rufin ɗaki. Wani ya ce masa lalle na sa fata tauri, ya kwashe na matarsa kaf ya ƙunsa. Kashegari da rana tsaka ya fito da jajayen ƙafafu kamar amarya, ya ce kasuwar gaba zai je a guje. Ya dinga wage ƙafa yana dukan ƙasa da dunduniya, dim, dim, kamar taɓarya a turmi. Kafin rabin hanya tafinsa duk ya yi bororo, dunduniya ta kumbura. A kan jaki aka maido shi.

Tunau wanzami ya zo duba shi. Ya ɗaga ƙafar ya ce, "Amarya, ina angon? Wallahi kai ƙanen Arzika majemi ne."

Cindo yana nishi ya ce, "Wane ne kuma Arzika?"

Wanzami ya ce: Arzika ya ga fatar da maƙwabcinsa ke jema ta fi tasa kyau. Ya leƙa, ya ga mutumin na zuba bagaruwa hannu guda, yana juya fata kwana bakwai. Arzika ya ce, "Ragwanci! In hannu guda kwana bakwai ne, hannu bakwai ai kwana guda." Ya antaya. Da ya tsamo, bayan fata ya ƙone, cikinta ɗanye, ta dare tana wari. Maimakon ya zargi gaggawarsa, sai ya bi gari yana rantsuwa bagaruwa ƙarya ce, har ya mutu bai ƙara taɓa ta ba.

Wanzami ya fasa bororo guda, Cindo ya yi ƙara. Wanzami ya ce, "Ka ji ko? Fata kwana take ci. Maharbin da ka gani tun yana rarrafe yake gaisawa da ƙasa. Kai ka ga ƙafarsa, ba ka ga shekarunsa ba."

Jimina ta ce, "To, ranka ya daɗe, kwana nawa ka ce ya rage?"

Nomau ya daka tsalle ya ce, "Na gane! Takalmi ne gaskiya. Duk wanda na ƙara gani ƙafa tsirara sai na zane shi!"

Jimina ta yi dariya har wuyanta na lanƙwasa. "Ga Arzika ya tashi daga kabari. Ɗazu takalmi maƙiyi, yanzu waliyyi. Kai fa, rabonka da gudu tun ranar da sa ya tsinke a kasuwa. Tuɓe naka, ka je rijiya ka dawo."

Samari na kallo, ba damar ƙi. Ya tuɓe. Taku na farko ya maka dunduniya kan tsakuwa, ya yi salati. Na uku ya hau tsidau. Daga nan ba wanda ya ce masa komai, sai ga shi ya rage faɗin taku, yana sauka a hankali kan gaban ƙafa, gwiwa a sake, shiru kamar kyanwa.

Da ya dawo jimina ta ce, "Wa ya koya maka wannan taku?"

Ya ce, "Ƙasa."

Ta ce, "Malama ce, amma mai bulala. Kaɗan-kaɗan ake zuwa makarantarta."

Nomau ya zauna yana cire ƙaya. Can ya dubi samarin ya ce, "Kowa ya ɗauki takalminsa. Gobe da safe mu haɗu kan yashin rafi, ɗan gudu kaɗan ba takalmi, kullum mu ƙara. Wanda ƙafarsa ta yi kuka ya faɗa mini, ya huta. Tseren bana da takalmi za ku yi, na baɗi ƙafa za ta gaya mana." Ya juya ga jimina, murya ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, in rawanin ya tafi fa?"

Ta ce, "Gara a rasa rawani ɗaya da a rasa ƙafa ashirin da huɗu."

Ya ce, "Na karɓa. Rawanin nawa ne, ƙafafun kuwa amanar iyayensu ce."

Sai ga mai kananzir ya iso yana tambayar inda za a zuba. Jimina ta ce, "Shafa wa sarki a tafin ƙafa, ko ƙayar ta fito."